Notin Manifol Mai Yawan Kwancewa: Inda Ake Tafka Kuskure

Ka tayar da mota da sassafe, sai ka ji wata 'yar ƙara daga gefen injin, tak-tak-tak, kamar keken ɗinki. Kafin ka kai gadar Dangi ta yi shiru. Ba warkewa ta yi ba, ƙarfe ne ya ɗau zafi ya buɗe ya toshe kafar. Leƙa inda manifol ɗin salansa, ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji ya kai salansa, ya haɗu da tof, wato kan injin, in ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin, to noti ya saki.

Abin da na fi gani a gareji shi ne a ce wa yaro, “Kai, ɗauko bututu ka zura a sifana ka ja.” Nan ake ɓata komai. Tof ɗin yawancin motocin da muke hawa yanzu na alminiyam ne, mai laushi. Ka matsa masa, ko zaren ramin ya cinye, ko notin ya karye a ciki, aikin minti 20 ya koma na yini guda har da mai walda. Ƙananan notin nan masu kaurin milimita 8 ba sa son ƙarfin dantse, awonsu yawanci tsakanin Nm 25 ne zuwa 35 a sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, kuma kowace mota da adadin da kamfaninta ya rubuta. Wanda ba shi da wannan sifana ya ara.

Sai a tambaya, me ke kwance shi tun farko? Wurin nan yana iya wuce digiri 600 in mota ta sha tafiya. Ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, kullum haka. Sabon gaskit kuwa, fallen da ke tsakanin manifol da tof, a kwanakin farko yana lotsewa, ya ƙara siranta, sai notin da aka ɗaure tamau ya wayi gari ba ya riƙe komai. Shi ya sa sallamar mota da ɗauri ɗaya kuskure ne. A bar injin ya yi zafi, ya huce sarai, a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako guda a maimaita. Ina gaya wa masu mota, “Alhaji, ranar Asabar ka leƙo da safe.” Kaɗan ne ke dawowa, sai ƙarar ta dawo da su.

Wajen ɗaurin ma, daga tsakiya ake farawa a yi waje, dama da hagu, a zagaye biyu ko uku. Wanda ya fara daga gefe ya ƙure shi, ya karkatar da manifol da hannunsa.

Akwai masu zuba gam ɗin noti, shuɗin nan. Wajen digiri 150 yake ƙarewa, a nan kuwa toka zai zama. Haka noti mai roba a ciki, narkewa take yi. Washa mai tsaga, wadda muke ɗauka kamar sifirin ce, ita ma in ta sha wuta ƙarfinta mutuwa yake, ta kwanta shamɓal. In za ka shiga Ƙofar Ruwa, nemi noti mai makullin ƙarfe zalla ko mai ruwan tagulla, ka duba kan kusar ka ga 8.8 ko 10.9. Wadda ba ta da lamba ka bar wa mai ita. A tof na alminiyam ni na fi son kusa marar kai, wadda ake dasawa ta zauna, noti ya hau kanta, domin zaren ramin ya huta da kwance-ɗaure. Washa mai haƙora irin ta Nord-Lock, wadda ake sa ta biyu a haɗe, tana riƙewa ƙwarai, in an same ta.

Wata Corolla ta taɓa wahalar da ni, sau uku ina ɗaurewa tana kwancewa, har na fara zargin yarona. Ranar da na shiga rami na kama salansar na girgiza, sai ga ta tana lilo. Robobi biyu da ke rataye da ita sun tsinke, an ɗaure da waya, nauyin bututun gaba ɗaya ya koma kan manifol. Kowane rami a titi, notin ke sha. Da na sauya robobin da injin-sit ɗaya da ya fashe, magana ta mutu.

In duk an yi wannan hayaƙi bai daina fita ba, cire manifol ɗin, kankare tsohon gaskit tas, ka aza rula ta ƙarfe a fuskarsa ka ɗaga wajen haske. In haske na ratsawa ta ƙasa, ya lanƙwashe, sai a kai masu injin gyaran fuska su daidaita. Kada a ninka gaskit biyu don cike giɓin, biyun za su lotse tare. Kuma kafin a gyara, a riƙa sauke gilashi, musamman a cunkoson Ƙofar Nasarawa da yamma, domin iskar guba da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma ta ramin iska take shigowa cikin mota.