Biki da Amarci a Zanzibar: Wuraren da Ake Yawan Tuntuɓe

Masu shirin aure ba su yi kuskure ba da suka ƙyalla ido kan Zanzibar. Tsibiri ne na Musulmi a ƙasar Tanzaniya, ana kiran salla ka ji, a cikin gari ba ka fargabar naman da za a zuba maka, kuma daga Kano jirgin Ethiopian Airlines zai kai ka da sauka ɗaya a Addis Ababa. Sai ango ya yi lissafi: a yi walima a bakin teku, a zarce da amarci, kuɗin jirgi sau ɗaya. Lissafin ya yi. Matsalar ita ce tafiya biyu ce aka cusa a tikiti ɗaya, ta dangi da ta ma'aurata, kuma in ba a raba su tun a takarda ba, ta dangi ce ke cinye ɗayar.

Mafi tsadar kuskure shi ne a ce sai an je can za a ɗaura aure. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Chadi ko Mali ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Takardunsa sai an tura su hedikwatar shige da fice an amince, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da kimanin wata biyu, kada a sayi tikiti kafin amsa ta fito. Kowa da tasa amsar. Ta ango na iya fitowa, ta amarya ta fito, ta baffan da zai ba da aure ta maƙale. An biya otel, an ɗinka anko, babu waliyyi. E, yana iya wakilta wani, amma dattijon da aka bari a gida yana kallon ɗaurin auren 'yarsa ta waya ba zai manta ba, kuma ku za ku zauna da wannan. A ɗaura a gida, a masallacin unguwa ko a ƙofar gidan waliyyi, a ba da sadaki a gaban shaidu, a raba goro da alewa, sannan a hau jirgi a matsayin miji da mata. Ku karɓi takardar shaidar aure ku tafi da ita. Otel-otel da yawa sai sun gan ta suke ba da rangwamen amarci.

Sai ranar. Mu a nan Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kamar ya kashe mutum, shi ya sa ake ɗaukar lokacin ya dace a gudu bakin ruwa. A Zanzibar kuwa tsakiyar babbar daminarsu ke nan, Afrilu ya fi kowane wata ruwa. Arahar da kuka gani a intanet dalilinta ke nan. Yuni zuwa Oktoba ya fi bushewa da sanyin iska. Ƙarshen Disamba akwai rana, amma farashi ya kai ƙololuwa saboda Turawan da ke gudun hunturu. A duba kalandar Musulunci kuma, don a watan azumi gidajen abinci da yawa a cikin gari rufe suke da rana, kuma kiɗa a fili ba zai yi wa mutanen wurin daɗi ba.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa da nisa sau biyu a yini, ya bar fili na ciyawar ruwa da duwatsu, mata suna tsintar abin da suka shuka a ciki. Wanda ya sa walima ƙarfe huɗu ba tare da duba jadawalin cikar teku ba, zai iya samun hoton da babu ruwa a bayansa. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika gudu haka ba, amma nan ne cunkoson masu yawon buɗe ido da kayan wanka da kwalabe. Ku tambayi kanku ko Hajiya za ta iya zama a wannan bakin ruwan. In amsar a'a ce, a kama gida guda mai katanga da nasa farfajiyar, a nemi mai dafa abinci, ya fi a yi ta ba da haƙuri.

Maganar kuɗin baƙi ita ce wadda kunya ke hana a yi. A wurinmu wanda ya gayyace ka shi ke ɗauke da kai, tun daga mota har tuwon dare. Ka aika kati ka yi shiru, gwaggo ta ɗauka tikiti na nan tafe, ƙawayen amarya sun ɗauka ɗaki na jiransu. A faɗa ƙarara tun farko, da baki ba a rubuce kawai ba: "Gwaggo, ke da Inna mun ɗauki nauyinku, sauran kowa da aljihunsa." Za a yi gunaguni na sati guda, ya fi gaba ta shekara. Kuma kan kowane mutum akwai ƙananan abubuwan da ke taruwa: fasfo mai sauran aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara, da inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, ko da kana da wata inshorar daga gida. A naɗa mutum ɗaya mai tsauri ya duba na kowa da idonsa, don "ai nawa lafiya lau yake" ya sha mayar da mutane gida daga filin jirgi. Waɗanda ba za su je ba kuwa, su ne mafi yawa, a yi musu kamu da wuni a gida yadda aka saba, kada su ji labari a waya.

Kasafin kuma a yi shi da dala. Waɗanda suka yi lissafi da naira a farkon 2023, dala tana ƙasa da 500 a farashin hukuma, sun wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,400. A biya kashi-kashi, a rubuta abin da za a mayar in biza ta ƙi fitowa, a tafi da sababbin takardun dala, don masu canji na ƙin tsofaffi.

Yanzu ga inda amarcin ke mutuwa. An gama walima, kowa ya zauna a otel ɗaya har ranar komawa. Ango ya zama ɗan rakiya: wannan na son layin waya, waccan na son a kai ta kasuwar Darajani ta sayi kanumfari da atamfar kanga, kawu na tambayar alƙibla. Amarya kuwa ba ta iya fitowa ta taka bakin ruwa da mijinta, surukarta na zaune a baranda da carbi. Da safe dole a je gaisuwa, a durƙusa, a ci abinci kai a sunkuye. Kwanakin da aka biya da dala sun tafi a kunya. Gyaran ba wuya, sai dai yana son a yi shi tun wajen sayen tikiti: ranar komawar baƙi ta zama tsayayya, kwana ɗaya ko biyu bayan walima, a ɗora wa wani abokin ango mai haƙuri raka su filin jirgin Abeid Amani Karume. Ku biyun ku tashi daga otel ɗin gaba ɗaya. In an yi taro a arewa, ku koma gabas, ko ku shiga tsohon gari na Stone Town ku yi yawon lunguna, da dare ku ci gasasshen kifi a lambun Forodhani da ke bakin teku. Ranar farko kada ku sa komai a cikinta sai barci. Amaryar da ta kwana bakwai ana jan ta daga lalle zuwa kwalliya ba ta da ƙarfin hawa kwalekwale.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Kayan da amarya za ta sa ranar walima su shiga jakar hannu, don akwati na iya kwana a Addis. Humra da sauran turaren ruwa kuwa a babban akwati, kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta wuce bincike a hannu. In kun yi alƙawari da direba ko mai ɗaukar hoto, ku tabbatar da wane agogo yake nufi: a lissafin Suwahili ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya, bambancin awa shida ke nan, ban da awa biyun da Tanzaniya ke gaban Najeriya. Turaren wuta ma a tambaya kafin a kunna. Ɗakuna da yawa rufin ganyen kwakwa ne, akwai na'urar jin hayaƙi a sama, garwashi a kasko zai tara muku ma'aikata a ƙofa da tsakar dare. A tafi da abin turare mai aiki da lantarki, a kunna shi a baranda.