Ki gyara ɗakin mai jego tun ciki na wata 7

'Yar'uwa mai jiran jikan fari, kada ki bar fenti sai satin suna.

Ki yi shi tun cikin 'yarki yana wata 7. Ki ce a sa fentin ruwa, shi ya fi saurin bushewa. Na mai yakan yi makonni yana wari, jariri kuwa a ɗakin nan zai wuni ya kwana.

Ni sai da aka haihu na kira mai fenti. Ranar suna ƙofa da taga a buɗe, ga sanyin hunturu, 'yar jikata sai atishawa. Dole muka kwashe su zuwa ɗakina. Har yau abin yana damuna.

Gyara da wuri yana ba ki damar taya farashi a natse, ki sa a ɗaura ragar sauro a taga.

Amma idan damina ce kuma bango yana tsatsafo, ki dakata, fentin ɓarewa zai yi. A toshe inda ruwa ke shiga tukuna.

Kuma ki nemi yardar surukinki kafin a taɓa ko ƙusa, gidansa ne.