Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sabulu da man shafawa a gida

Saboda 'yata na daina sayen sabulu mai ƙamshin kanti, don da hunturu ya kama sai fatarta ta hau ƙaiƙayi har ta kasa barci. Tun lokacin nake haɗa namu a gida, kuma maƙwabta sukan kawo mini nasu da ya ɓaci in duba. Kusan kullum kuskuren iri ɗaya ne.

Mafi girma shi ne awo. Mun saba da gwangwanin madara da ludayi, amma soda, wato kostik, ba a yi mata kintace. Kowane mai da adadin da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗanya kusan giram 128, man gyaɗa kusan 136, manja kusan 142, man kwakwa kuwa wajen 183. Idan aka koya miki haɗi da man kwakwa, kika ga ya yi tsada kika musanya da man kaɗanya ba ki rage soda ba, rarar tana nan cikin sabulun, ita ce za ta ɗaye fatar yaro. In aka yi akasin haka sabulun ya fito jagwab, yana naso. Ki sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram, sannan ki rage kashi 5 cikin 100 na sodar da lissafi ya ba ki, domin ɗan mai ya saura ya tausasa fata.

Soda ake barbaɗawa cikin ruwa a hankali. Ba a zuba mata ruwa a kai, tana iya tafasa ta fantsamo fuska. A yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, yara kuma suna ɗaki. Kada a kusanci tukunyar alminiyam, soda na cin ta. Roba mai kauri da ke jure zafi ta isa. In ta taɓa jiki, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, in ido ne a wuce asibiti bayan wankewar.

Sai gaggawa. Sabulun da aka yanka jiya ba na wanka ba ne. A jera shi a inuwa sati 4 zuwa 6, ana juyawa.

A man shafawa kuwa, ruwa ne abokin gaba. Man kaɗanya da aka buga da man zaitun ko na kwakwa zalla yakan yi watanni lafiya. Da zarar an sa masa ruwan alobera ko madara ko ruwan fure, ƙwayoyin cuta sun samu gida, kuma a zafin Afrilu 'yan kwanaki sun isa, tun kafin ido ya ga fumfuna. Ki bar shi mai zalla, ki shafa bayan wanka jiki da ɗan danshi. In ya yi tsaki-tsaki kamar yashi, bai lalace ba, a hankali ya huce ne. A sake narkarwa a kan ruwan zafi a sanyaya da sauri.

Maganar ƙamshi ita ta fi damuna. Mace za ta guje wa sabulun kanti, sannan ta tsiyaya turaren kwalba mai araha don ta danne warin kaɗanya. An gudu ba a tsira ba, yawancin irin wannan turaren haɗin masana'anta ne, ko da an zana fure a jikin kwalbar. Shi ma man tsiro na gaske ba a kwarara shi: na kanumfari da na girfa suna ƙona fata. Ban da waɗannan biyun, giram 1 cikin giram 100 na man shafawa ya wadatar, jarirai kuma kada a sa musu ko ɗigo. Ni kajiji ko busasshen na'a-na'a nake jiƙawa cikin man zaitun sati biyu in tace. Sai dai ganyen ya bushe ƙayau, ɗanye ruɓar da mai yake yi. Ƙamshin ba ya tashi sosai, a sabulu ma soda kan cinye mafi yawansa, amma wallahi na gwammace haka da in ji yarinya tana susa cikin dare.

Masu matsa lemun tsami a sabulun salo don haske, don Allah a bari. Ruwansa in ya zauna a fata aka shiga rana yana barin baƙin tabo, abin da ake gudu ke nan. Kuma kowane sabon haɗi a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu, a jira kwana biyu kafin ya hau fuska.