Inda lissafin matatar manyan firikwansi ke karkacewa

Matatar lantarki da ke barin manyan firikwansi su wuce, ta danne ƙanana, kayanta biyu ne kacal: kapasita a kan hanyar sigina, sai rezista daga bayanta zuwa ƙasa, a ɗauki boltejin fita a kan rezistan. Sauƙin nan ne ke sa masu koyo su saki jiki wajen lissafin gen, wato boltejin da ya fito a raba shi da wanda ya shiga.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne haɗa R, juriyar rezista, da Xc, juriyar da kapasita ke yi wa sigina, kai tsaye. A ce R 10 kΩ ce, kapasita kuma, wato C, 100 nF. Firikwansin yanka, wato iyakar da ƙasa da ita matatar ke danne sigina, 1/(2πRC), zai kama kusan 159 Hz, kuma a daidai nan Xc ita ma 10 kΩ ce. Sai mutum ya ce ai kunnen doki suka yi, rabi zai fito, 0.5. Ba haka ba ne. Boltejin kapasita yana bin bayan na rezista da digiri 90, don haka ba a tara su kamar rezista biyu. Daidai shi ne R/√(R² + Xc²), wanda ke ba da 0.707. Zana alwatika, R a kwance, Xc a tsaye. Layin da ya haɗa bakinsu shi ne abin da za ka raba R da shi.

Wasu kuma 2π suke mantawa. 1/RC zai ba su 1000, su rubuta Hz, alhali radiyan ne a daƙiƙa. A kula da lambar jikin kapasita ma: 104 na nufin 100,000 pF, wato 100 nF.

Wajen mayar da gen zuwa desibel (dB), boltej 20 log yake so, 10 log na fawa ne. Da 20, 0.707 zai zama −3 dB. In ka ga −1.5, ka san inda ka zame. Wannan matata ta rezista da kapasita zalla ba ta ƙara wa sigina ƙarfi, saboda haka gen ɗin da ya haura 1 kuskure ne.

Akwai kuskuren da ba ya bayyana sai an zo awo. Lissafi ya yi kyau a takarda, sai a jona na'ura mai juriyar shiga 10 kΩ a bakin fita. Ta hau layi ɗaya da R kafaɗa da kafaɗa, juriyar ta koma 5 kΩ, firikwansin yanka ya tashi zuwa kusan 318 Hz. A 159 Hz yanzu kusan 0.45 za ka gani. Sa juriyar na'urar cikin lissafi tun farko, ko ka zaɓi R da ta gaza ta aƙalla sau goma.