Yadda farkar sarki take kafa kanta a fadar Charles na Biyu

Kafin komai, a raba ta da ƙwarƙwara. A fadojinmu na da, sa-ɗaka tana da matsayin da shari'a ta sani, ɗanta ma yana iya hawa gadon ubansa. A Ingila ta zamanin Charles na Biyu, wanda ya zauna a gadon mulki daga 1660 zuwa 1685, mace ɗaya doka ta sani, wato Catherine 'yar sarkin Fotugal. Duk wata bayanta farka ce. Ɗanta ba ya gadon mulki, abin da take ci kuma a rataye yake da numfashin mutum ɗaya. Saboda haka aikin da ke gabanta shi ne ta mayar da son da sarki yake mata takarda mai hatimi tun bai huce ba.

Matakin farko, ta samu dalilin zama a fadar Whitehall. 'Yar babban gida takan nemi muƙami cikin matan da ke yi wa sarauniya hidima, domin muƙamin yana zuwa da ɗaki da albashi da damar ganin sarki kullum ba tare da an tambaye ta me ya kawo ta ba. Barbara Villiers ta samu nata a 1662 ta ƙarfin tsiya. Sarauniya tana amarya ta soke sunanta daga jerin, sarki ya kafe, ran da ya gabatar da ita kuma Catherine ta yi haɓo ta suma a gaban jama'a. Louise de Kérouaille, Bafaranshiya, ta wannan ƙofa ta shigo a 1670. Wadda ba ta da asali, irin Nell Gwyn da ta fara da tallan lemo a gidan wasan kwaikwayo kafin ta zama 'yar wasa, ta matakalar baya take hawowa, makullin kuwa yana hannun William Chiffinch, amintaccen baran sarki. Kuɗin sirri ma ta hannunsa suke bi, don haka ba a ɓatawa da shi.

Daga nan sai sarauta. Idan tana da miji, shi ake fara naɗawa don ta ci albarkacinsa. Haka aka yi wa Roger Palmer, mijin Barbara, a 1661, aka ba shi sarautar Earl na Castlemaine da sharaɗin cewa 'ya'yan da ita ta haifa ne kaɗai za su gaje ta. Kowa ya gane abin da ake nufi. Inda ake samun cikas shi ne wurin hatimi: takarda ba ta aiki sai ta bi ta hannun manyan jami'ai, kuma Clarendon, wanda babban hatimin Ingila yake hannunsa, ya ƙi buga mata. Sai aka zagaye shi, aka yi sarautar ta ƙasar Ireland. Barbara ba ta yafe ba, tana cikin masu murna da faɗuwarsa a 1667. Sarautar miji dai aro ce. Wadda ake so ita ce ta kanta: Barbara ta zama Duchess (takwarar Duke a mata, mafi girman sarautun da sarki ke naɗawa) ta Cleveland a 1670, Louise ta zama Duchess ta Portsmouth a 1673. Nell har ta mutu ba ta samu ko ɗaya ba, asalinta ya tare mata hanya.

Kuɗi ne wurin da ya kamata a fi natsuwa, domin kyautar sarki iri-iri ce kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi rauni ita ce kyautar hannu, zobe ko sarƙa ko jakar zinariya. Tana da daɗi, amma ba ta maimaita kanta. Sama da ita akwai fansho da aka rubuta cewa za a riƙa biya muddin sarki yana so. Wannan ranar da ransa ya ɓaci ya tsaya. Hortense Mancini, wadda ta iso Landan a 1675, an yanka mata fam 4,000 a shekara, da ta fara hulɗa da Yariman Monaco sarki ya dakatar da kuɗin na wani lokaci. Ko ba fushi ma, baitulmalin Charles kullum a bushe yake, fansho yakan makara.

Dabarar masu wayo ita ce a ɗaura kuɗin a kan wata hanyar shiga da ba ta ƙafewa, a kuma rubuta shi na tsawon rai ko na gado. Barbara ta samu fam 4,700 a shekara daga kuɗin shigar gidan waya. Ɗan Louise aka ba shi sule ɗaya a kan kowane ma'aunin kwal, kimanin tan biyu da rabi, da aka yi lodinsa a jirgi daga Newcastle zuwa sauran tashoshin ƙasar. Landan kuwa da kwal take girki da jin ɗumi. Gida ma haka: da aka ba Nell gida a titin Pall Mall a matsayin haya ta dogon zango, ta ƙi yarda sai da aka mallaka mata shi ɗungurungum. A ganina, a nan ta fi da yawa daga cikin masu sarautar hankali.

Sai 'ya'ya. Haihuwa kaɗai ba ta isa ba, dole sarki ya amsa ɗan a bainar jama'a, ya ba shi suna da sarauta. 'Ya'yan Barbara an sa musu FitzRoy, ma'ana ɗan sarki. Biyar ya amsa cikin shida, Henry ma da aka haifa a 1663 sai da aka daɗe ana jan ƙafa a kansa, saboda sarki ya san ba shi kaɗai take kulawa ba. Ranar da aka sa hannu a takarda ma abin lura ce, domin da ita ake jera manya a zaman fada. A 1675 takardar ɗan Louise, Duke na Richmond, ta fita a watan Agusta, ta Henry, Duke na Grafton, sai Satumba. Yaro ɗan shekara uku ya shiga gaban mai kusan shekara goma sha biyu ke nan. Ɗan Nell, Charles Beauclerk, ya zama Earl na Burford a 1676, sannan Duke na St Albans a 1684. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, wato kwaɗayin gadon mulki. Monmouth, babban ɗan sarki da Lucy Walter ta haifa, ya gwada a 1685, aka sare masa kai.

Siyasa tana kawo riba, tana kuma jawo jini. Jakadu da masu neman muƙami sukan yi layi a ɗakunan Louise da ke ƙarshen wani dogon baranda a Whitehall, ɗakunan da aka rushe aka sake ginawa fiye da sau ɗaya don su yi mata, cike da kayan azurfa da labulen bango saƙar Faransa. Amma talakawa suna kallonta a matsayin idon sarkin Faransa, ga ta kuma 'yar Katolika a lokacin da ƙasar take zargin duk wani ɗan Katolika. A 1680 Shaftesbury, jagoran 'yan siyasar da ke adawa da fada, ya nemi a gurfanar da ita a kotu. Barbara, wadda ta koma Katolika a 1663, ta rasa muƙaminta na gidan sarauniya bayan dokar 1673 da ta hana 'yan ɗariƙar riƙe muƙamai. Nell ba ta zurfafa a wannan harka ba, ita Furotesta ce mai barkwanci, jama'a suna sonta.

Sauran abubuwan da ke kayar da mace a gida suke. Caca ta ci Barbara har ta sa aka rushe fadar Nonsuch da sarki ya ba ta, ta sayar da duwatsu da katako. Masifa ma tana gajiyar da Charles, mutum ne mai gudun hayaniya, shi ya sa hawayen Louise suka fi ihun Barbara aiki. Ga ciwon sanyi, wanda Louise ta ɗauka daga wurinsa a 1674.

A watan Fabrairu 1685 sarki ya kwanta ciwon ajali. Ɗakin ya zama na sarauniya da ƙaninsa James da limaman coci, Louise sai saƙo take aikawa ta bakin jakadan Faransa. An ruwaito cewa Charles ya roƙi James kada ya bar Nell da yunwa. Masu bin ta bashi sun taso mata nan da nan, James, wanda ya gaji sarautar, ya biya, ya yanka mata fam 1,500 a shekara, ta rasu a 1687. Louise ta koma Faransa, inda tun 1673 sarki Louis na 14 ya ba ta ƙasar Aubigny. Kuɗinta na Ingila ya yanke, ta tsufa cikin bashi har ta rasu a 1734. Sulen kwal ɗin nan kuwa ya ci gaba da shiga aljihun zuriyarta fiye da shekara 100, sai da gwamnati ta biya su diyya kafin ta karɓe shi.