Kurakuran da aka fi yi wajen fitar da iska daga pawa sitiyari

An canja famfon sitiyari ko tiyo, an zuba mai, sai mota ta riƙa gurnani duk lokacin da aka karya kwana. Ka buɗe murfin kwanon man, ka tarar ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu. Iska ce ta shiga. Fitar da ita ba wuya, gaggawa ce ke ɓata aikin.

Babban kuskuren shi ne tada inji tun da farko. Da famfo ya fara juyawa sai ya markaɗe iskar cikin mai, ta zama ƴan mitsi-mitsin kumfa da ba sa saurin tasowa. Ga yadda ya kamata: ɗaga gaban mota har tayoyi su bar ƙasa, ka sa mata matokari, kada ka amince da jak kaɗai. Bar inji a kashe, amma murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle. Cika mai, sannan ka juya sitiyarin a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu, kamar sau 20. Sa wani ya tsaya yana leƙa kwanon. Zai ga kumfa na ɓulɓulowa, mai yana sauka. Yana sauka ya ƙara. In aka yi sake har ya ƙafe, an sake zuƙo wata iskar ke nan, aiki ya koma ɗanye.

Sai kumfa ta daina fitowa za ka tada inji ka sake juyawa. Nan ma akwai masu danne sitiyari a ƙarshe su riƙe, wai don iska ta fita da ƙarfi. Wahalar da famfo kawai suke yi, mai ya yi zafi. Ka taɓa ƙarshen ka dawo, kada ka wuce daƙiƙa 5. Idan man ya sake kumfa, kashe inji ka ba shi kamar rabin awa ya kwanta.

Batun mai kuwa, ba kowane jan mai ne nasa ba. Wasu motoci na shan man giya na otomatik irin Dexron, Honda tana da nata na musamman, wasu motocin Turai kuma CHF 11S suke so, mai launin kore. Duba murfi ko littafin mota. Man birki kam ko kusa, zai lalata robobin ciki. Kada kuma a cika fam, domin mai na kumbura idan ya yi zafi, shi ya sa ake ware alamar sanyi da ta zafi a ma'aunin kwanon.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne iskar da ke dawowa bayan kwana biyu. A yi ta juya sitiyari, alhali akwai inda take shiga. Tiyon da ke kai mai daga kwano zuwa famfo tsotsa yake yi, don haka yana iya zuƙar iska ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa ba. Duba ɗaurinsa, ka matsa shi da yatsa ka ji ko ya bushe ya tsage, ka duba ɗan zoben robar da ke bakin famfo. Sau da yawa wannan zoben ne ya taurare, amma sai a tafi sayen sabon famfo.

In ka ga mai garau ba kumfa amma ƙara na nan, bar zargin iska. Duba bel ko ya saki, da rariyar da ke gindin kwanon ko ta toshe.