Yadda ɗalibi zai mai da aikin sanin makama tsanin shiga harkar majalisa a Legas

Duk wanda ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ya san cewa dokokin da ake yi a Alausa, inda majalisar dokokin jihar Legas take, suna iske mu har ƙofar gida. Hana acaɓa da aka yi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 ya dogara ne a kan dokar sufuri ta 2018, haka kuma dokar hana yawon kiwo da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa wa hannu a Satumban 2021 sai da ta bi ta zauren majalisar dokokin jihar mai kujeru 40. Abin da ke damuna shi ne, 'ya'yanmu da ke karatu a Akoka da Ojo da Yaba, idan lokacin horon sanin makamar aiki ya zo, banki da kamfanin sadarwa suke nufa, ba safai wani yake tunanin wurin da ake rubuta waɗannan dokoki ba.

Matakin farko daga makaranta yake. Ɗalibi ya je ofishin da ke kula da horon, wanda ɗalibai ke kira IT, ya karɓi takardar gabatarwa mai tambarin makaranta tun da sauran watanni. Shirin SIWES na tura ɗalibai horon sanin makamar aiki, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973, ya fi karkata ga masu karanta kimiyya da injiniyanci da fasaha, don haka mai karanta kimiyyar siyasa ko tarihi yana iya tarar da babu shi a tsarin karatunsa. Wannan ba hujjar zama ba ce. Ya roƙi shugaban sashensu ya rubuta masa wasiƙa, ya yi amfani da dogon hutu.

Daga nan sai zaɓen ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ofishin akawun majalisa a Alausa shi ne ke riƙe da harkar gudanarwa, kuma can ya dace a kai wasiƙar farko. Akwai ofisoshin mazaɓa na 'yan majalisar jiha, da na 'yan majalisar wakilai 24 da sanatoci uku da Legas ke turawa Abuja, sannan akwai majalisar kansiloli a kowace ƙaramar hukuma, wadda bai kamata a raina ta ba. A tafi da kofi biyu na wasiƙar, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi gida, domin da shi za a bi sawu bayan mako biyu. Wanda ya riga ya kammala karatu kuma, ya sa ido a kan sanarwar PLAC, wata cibiya mai zaman kanta da ke Abuja, wadda ke ɗaukar matasa ta tura su kwamitocin majalisar tarayya su koyi aiki.

Samun wurin ba shi ne wahalar ba, abin da za a yi da watannin shi ne. Wani ɗan 'yar'uwata ya yi wata shida a wani ofishi, aikinsa sayo abinci da kai takardu wurin injin kwafi, ya fito bai san bambancin ƙuduri da doka ba, kuma har yau abin yana ci mini rai domin ban ja kunnensa da wuri ba. Saboda haka tun a makon farko ɗalibi ya nemi, cikin ladabi, a haɗa shi da sakataren wani kwamiti. A zauren majalisa ake jin murya, amma a kwamiti ake tsefe ƙuduri sashe bayan sashe, a kira kwamishina ya kare kasafin ma'aikatarsa, a karanta koke-koken jama'a.

Ya zaɓi ƙuduri guda ɗaya ya bi shi tun daga karatu na farko, zuwa na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, zuwa kwamiti da zaman sauraron ra'ayin jama'a, har karatu na uku da miƙa shi ga gwamna, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ya riƙe littafi a aljihu yana rubuta wanda ya ce me, da gyaran da aka karɓa da wanda aka yi watsi da shi. Sannan ya koyi taƙaita ƙuduri mai shafi hamsin a shafi ɗaya, domin ɗan majalisa ba shi da lokacin karanta komai, kuma yaron da ke ajiye masa wannan shafi a kan tebur kafin zama ba ya saurin mantuwa.

Batun harshe ma yana da nauyi a nan. Majalisar Legas takan yi zaman ranar Alhamis da Yarbanci, kuma yawancin yaran da aka haifa a Agege sun tashi da shi a baki. Hausar tasu kuwa jari ce: ranar da shugabannin 'yan kasuwar Mile 12 ko mahauta suka zo da ƙorafi, wanda zai iya mai da maganarsu rubutacciyar takarda da Turanci mai tsabta shi za a nema. Sai dai a kame baki, abin da aka ji a ofis ba na Facebook ba ne.

Kafin wa'adi ya cika, a karɓi takardar shaida mai bayyana ainihin aikin da aka yi, a sa hannu a littafin horo, a kuma ci gaba da zuwa gaisuwa lokaci zuwa lokaci, ba sai da buƙata ba. Kowane ɗan majalisar tarayya yana da gurbin mataimaka biyar da ake biya daga aljihun gwamnati, kuma idan gurbi ya samu, wanda aka ga aikinsa da ido ya fi kusa da shi. Mai hidimar ƙasa dai ya tuna cewa dokar NYSC ta hana shi shiga siyasar jam'iyya har sai ya cire kaki.

Wanda burinsa ya wuce zama mataimaki, sai ya koma mazaɓarsa. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma sharaɗin zama ɗan jam'iyya, ita kuma ta tsayar da kai, yana nan. Mudashiru Obasa, wanda ya zama kakakin majalisar Legas a 2015, daga kansila a Agege ya fara a 1999. Matashi ya fara da dawo da katin zaɓensa Legas idan rajistarsa tana Kano ko Sakkwato, ya yanki katin jam'iyya a gundumar da yake kwana, ya riƙa halartar taronta, kuma idan ana neman mai rubuta bayanin taro, ya ɗaga hannu.